Faranti na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe uku na rana a Harobanda,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ni da ɗan farantin gilashi
muna zaman jiran juna.

Da safe na auna silikon,
mai yauƙi kamar miyar kuɓewa,
na barbaɗa masa garafin,
baƙin gari, ɗan'uwan bakin fensir,
wanda atishawa ɗaya
kan watsar da kuɗin wata guda.
Kashi ɗaya cikin ɗari, Sahiya, kada ki ƙara,
in ji Malam Alkasum yana goge tabarau.
Na ƙara. Sau biyu ma.
Na tara ya yi gudaji kamar kunun ragguwa,
da na ja shi
daidai wurin gudajin ya yage.
Na sha huɗu kumfa ta cinye,
ramuka kamar bayan waina.
Na sha shida na taɓa da safar roba,
ya yi fushi, ya ƙi kamawa,
har yau danƙo yake a aljihun tebur.

Babana mai faci ne a Tawa,
bakin tasha, ƙarƙashin dalbejiya.
Yakan shafa gam a tayar babur,
ya ajiye, ya ɗauki kofin shayi.
Mai babur na ta duba agogo,
shi kuwa ya ce: bari ya sha iska,
gam ba ya jin Hausa.

Ga ni da farar riga da ma'aunin zafi,
sana'ar dai ita ce.
A can ciki, inda ido ba ya kai,
zare na neman hannun zare,
baƙin garin ya raɓa tsakaninsu
yana miƙa zafi daga baki zuwa baki
kamar guga a layin rijiya.

Tanda ta mutu, amma Yamai tanda ce.
Na ɗora shi bakin taga,
na rubuta: digiri arba'in da huɗu, rana ce ta gasa.

La'asar sakaliya, motoci sun cushe gada,
na ɓamɓare shi da farce.
Ya fito baƙi wuluk, sumul,
na miƙe shi, ya komo.
Na sake. Ya komo.

Na kira Baba.
Ya ce, ya kama?
Na ce, ya kama.
Ya ce, to kawo in gani ko zai riƙe taya.