Ji da Tafin Hannu

Gwaggo muke ce mata a rumfa,
baƙin ƙarfe, ƙirar Jamus.
Ƙarti huɗu suka sauke ta daga amalanke
ran da Kiyari ya sayo ta a Zango,
tun ban san allura da basilla ba,
tun tafina bai yi kanta ba, sai rawa.

Sunan da ke wuyanta ya goge,
saura harafi biyu da rabin lamba.
Inda hannun maigida ke sauka
fenti ya tashi, ƙarfe ya yi sulɓi
kamar bakin rijiyar da igiya ke gogawa.

Ba ruwanta da leshi, ba ruwanta da shadda.
Kawo mata fatar majema ninki uku,
tamfol ɗin motar Agadas,
ɗamarar raƙumi, jakar mai gyaran famfo,
ta taune su ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa.

Da sassafe, kafin Kasuwar Dole ta cika,
nakan bi haƙoranta da gashin kaza
in fid da zaren jiya da garin fata.
Kananzir a tsumma. Sannan mai:
ɗigo ɗaya kowane rami, ramuka tara,
na goma yana ɓoye ƙarƙashin ƙoshiya,
shi ne wanda sabon yaro ke mantawa.

Kiyari bai koya mini da baki ba.
"Saurara." Karatun ke nan.
In ta ce kaf-kaf-kaf, lafiya lau.
In ta sa wani ƙis a tsakani,
allura ta karkace, ko kwarkwaro ya cika fiye da kima,
ko igiyar fatar ta saki, tana neman ragewa.

Da tsufa ya toshe masa kunne
muka ce to, aiki ya ƙare.
Sai ya shimfiɗa tafinsa kan tebur,
ina takawa, yana lumshe ido:
"Dakata. Notin baya ya kwance."
Na leƙa. Ya kwance kuwa.

Shekarar da ƙugiyarta ta karye
na je Kano, na je Maraɗi,
kowa ya juya guntun ya girgiza kai:
an bar ƙera irinta tun ba a haife ka ba.
Nomau maƙeri, can gindin ganuwar Birni,
ya karɓa bai ce uffan ba,
kwana shida yana fama da magagari
har ya fid da ita daga ƙarfen matacciyar mota.
Ita ce har yau ke ɗaukar zare tana juyawa.

Jiya bayan la'asar direba ya shigo a guje,
tamfol ya tsage kamu bakwai,
siminti a buɗe, hadari ya haɗo gabas.
Na hau, ina takawa, ina jin daɗin muryarta,
sai Fanna, jikar Kiyari, mai riƙe mini gefe,
ta ce, "Baba, tsaya, tana tsallakewa."

Na ce ni ban ji komai ba.
Muka juya tamfol.
Ɗinki uku babu, can kuma biyu,
kamar giɓi a bakin tsohuwa.

Ban yi gardama ba, na sauka.
Ta zare allurar, ta murza ta kan gilashi,
ta sa sabuwa, tsagin yana duban hagu,
ta hau, ƙafarta da ƙyar take kai mataki.
Ni kuwa na jawo kujera gefe
na shimfiɗa tafina kan tebur.
Ashe katakon ya ɗan lotsa a wurin,
daidai faɗin hannu.
Ruwa ya soma dukan kwanon rumfa,
Gwaggo na magana, tafina na amsawa.