Lamba Arba'in da Uku

Mu bakwai muka bar Khartum a hutun rabin shekara,
motar jami'a ta ƙi tashi, muka bi ta haya.
Tasi'u ya rungume kwalin magani kamar jariri,
Barira na bitar sunayen cututtuka a kujerar baya.
Ni kuwa Larabcin littafi na ɗauko,
wanda na shekara tara ina wa wanki da guga.
Na miƙa wa yaron mota jimla guda, wasalinta cif,
ya dube ni, ya taɓo direba:
"Rage gudu, mun ɗauko mai karanta labaran rediyo."
Har Madani ana dariya.

Gaba da Sinnar muka sauka, wani ƙauye a bakin kogi.
Aji biyu na firamare suka zama asibiti,
lissafin yara na nan a allo, ba a goge ba tun jiya.
Aikina ɗaya ne: in ɗaura, in matsa, in saurara,
in rubuta lamba, in ce a rage gishiri.
Kafin azahar na faɗi gishiri sau arba'in da biyu,
har kalmar ta yi mini ɗaci a wuya.

Sai ga ta.
Tsohuwa, hannu kamar itacen ƙirya,
lulluɓinta ruwan ƙasa, bakinsa ya sha ɗinki.
Na fara jero tambaya, fi'ili na tuntuɓe da fa'ili,
ta bar ni na yi ta iyo har na gaji,
sannan ta ce, "Ɗiyata, sauke kayan nan.
'Yar wane gari ce ke? Kin zo lafiya?"

Abin awo ya saki iskarsa a hannuna.

Hajja Tabawa. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba.
Kakanta ya baro Kazaure a ƙafa, da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a nan, ya ce bari ya yi noman auduga
damina ɗaya tak, ya tara kuɗin jirgin ruwa.
Damina ta haifi damina.
Bai kai gabas ba, bai koma yamma ba,
yana can bayan masallaci, shi da sauran tafiya.

Hausarta irin ta cikin adaka ce,
kalmomin da kakata ta tafi da su kabari
ga su nan a bakinta, ko tsatsa ba su yi ba.
Ta ce, "Ya ce a ƙofar gidansu akwai rijiya,
a kan rijiyar akwai tsamiya.
Tana nan?"

Sau ɗaya na ratsa Kazaure, ina barci a mota.
Na so in ce tana nan, har 'ya'ya take yi.
Tasi'u na ƙifta mini ido: faɗi mana, ga layi.
Na ce, "Hajja, ban sani ba."
Ta gyaɗa kai. "To, ke kam ba ki iya ƙarya."

Ɗari da saba'in bisa ɗari. Na rubuta.
Na ce a rage gishiri. Ta ce, "A shekaruna?"
Da la'asar jikanta ya kawo agashe a takarda,
tsire ne, wallahi, tsiren gida,
ya yi shekara ɗari a hanya.

Yanzu ga takardar rahoto a gabana:
mutum nawa aka duba, ƙwaya nawa aka raba.
Na cike duka. Babu gurbin tsamiya.
Na kira Baba da dare, layi na yankewa,
ya ce, "Wace tsamiya? Kazaure tsamiya ɗaya ce?"
Na ce ya dai tambaya.
Ya ce kuɗin waya nake ƙonawa.
Sai can, kafin ya ajiye:
"Me kika ce sunan kakan nata?"