Gefen Shafi

Littafin ya fi jaririn mutum nauyi.
Damina tara ya yi a Sauraha,
ya sha laima har ya kumbura,
gara ta cinye fihirisarsa tun daga tsakiya.
Shi ya sa Likita Sabitra Mahato
ba ta neman karkanda da suna.
Da yatsa take lalube,
inda bakin takarda ya yi baƙi don yawan taɓawa.

Daren Lahadi kogin Rapti ya yi amai,
ya tofo mata maraya.
Mutum shida suka kinkimo shi a kan ƙyauren ɗaki:
ɗan karkanda, ko ƙaho bai tsiro ba,
laka har cikin kunne.
Uwar kuwa, ruwa kaɗai ya san inda ya ajiye ta.

Littafin ya ce a fara da auna nauyinsa.
Da me?
Sikelin asibitin na karnuka ne da awaki.
Budhan, tsohon mai kiwon giwa,
ya je ya tashi mai awon shinkafa daga barci.
Aka rataya ƙugiya a reshen mangwaro,
aka ɗaga shi a cikin buhu biyu,
yana wani ɗan kuka siriri
da bai dace da wannan fata ba.

Littafin ya ce nonon uwarsa tsararo ne,
da zaƙi, ba maiƙo.
Sai jerin lambobi,
sai sunayen malamai daga ƙasashen ƙanƙara
da suka yi haƙurin tatsar 'yan ƙalilan a gidan namun daji.
Sabitra ba ta raina su ba.
Da lambobinsu ta dama madarar.
Amma ba su faɗi abin yi ba
idan ka kawo kwalba
ɗan ya datse baki, ya ba ka ƙeya.

Wuta ta ɗauke.
An ce gani ya kori ji,
to daren nan ganin ma na aro ne,
daga tocila da ta riƙe da haƙori.
A nan ta hango, can gefen shafi,
rubutun fensir na marigayi Likita Hom Prasad,
ƙanana kamar jerin tururuwa:
"Kada ka tsaya gabansa. Uwa ba ta shayarwa ta fuska."
Ƙasa kaɗan, da wani fensirin, hannu ɗaya:
"Ya mutu ran Laraba."

Wanne ya mutu?
Wanda aka tsaya gabansa,
ko wanda aka tsaya gefensa?
Ba shekara, ba suna.
Ta juya shafin ta duba bayansa
kamar mai neman sauran canji a aljihun mamaci.

Budhan bai iya karatu ba.
Ya ɗebo lakar da aka wanke wa ɗan,
ya shafa a bargo, ya yafa,
ya durƙusa, ya jingina masa haƙarƙari,
yana gurnani ƙasa-ƙasa.
Ya ce, "Miƙo ta ƙarƙashin hammatata.
Littafinki ba ya wari, shi ne kawai aibinsa."

Zakara na biyu ya yi cara
kafin ta ji kwalbar ta motsa a hannunta.
Ja ɗaya. Shiru.
Ja biyu.
Ba wanda ya ce uffan, kada baki ya ɓata.

Da gari ya waye ta feƙe fensir da askar tiyata,
ta sami wuri ƙarƙashin hannun marigayi,
ta rubuta shekara, da wata, da nauyi,
da bargo, da laka, da sunan Budhan cikakke.
"Ya sha rabin kwalba, Litinin da asuba."
Ta bar fili kamar faɗin yatsa biyu
don abin da ba ta sani ba tukuna.

Laraba saura kwana biyu.