Alli a Kunne

Don na fi kowa haske a layinmu na Mandawari
aka ce ni ne Bature.
Ni Sallau, mai gyaran agogo,
da ko Zariya ban taɓa kwana ba.

Malam Cindo ya yo gwanjon kaki a Ƙofar Wambai,
wando iya gwiwa, maɓalli ɗaya ya yi ɓatan dabo,
hular kwano ta kwali da sitati.
Aka niƙa alli, aka shafe ni har wuya.
Na leƙa madubin babur
ban san mai kallona ba.

Asabar, sakaliyar la'asar, gindin ganuwa wajen Kabuga.
Ganuwar ta koma bakin tsohuwa,
nan haƙori, nan giɓi, nan an yanka an kafa shago.
Aka share fili, aka ɗaga ƙyalle a gora,
yara suka jeru da bindigar kara,
igwa kuwa bututun famfo ce a kan baro.
Mai rake ya matso, kasuwa ta samu.

Aka ɗora ni a amuku.
Ilu da Talle a gaba, Gambo da Nadabo a baya,
Nadabo da nake bi kuɗin batir tun azumi.
Na buɗe maƙogwaro yadda aka koya mini:
Maza-maza! Kawo haraji! Kawo kaza!
Ina karya harshe, ina kaɗa bulala,
jama'a na faɗuwa don dariya,
wayoyi sun yi sama kamar zangarniyar gero.

Sai ga sanda ta ratso fili.
Gwaggo Tasalla ce, yayar babana,
wadda muka baro a gida kan ba ta iya tafiya.
Ta ce, ku tsaya, ba haka ba ne.

Ta kama kan Talle ta gyara masa gammo.
Ta ce, kakanku Barau ya yi wannan dako,
daga nan har Bici, ƙafa ba fade,
ni na riƙa shafa masa man kaɗe a ƙeya
inda gashi bai sake tsirowa ba.
Ta juyo kaina. Kai kuma rufe baki.
Ihu na masinja ne, ɗan garinmu, mai neman suna.
Shi na saman ba ya ihu.
Littafi yake karantawa.
Kwana uku a kan mutum, bai tambayi sunansa ba.

Malam Cindo ya duba takardarsa, babu wannan a ciki.
Ya naɗe ta, ya miƙo mini.

Na kwanta. Na buɗe takarda. Na yi shiru.
Suka ɗaga.
Babu mai dariya yanzu, har mai rake ya ajiye wuƙa.
Ina jin numfashin Ilu ta cikin gora,
ina jin inda ƙafar Gambo ta taka ƙaya,
ya ɗingisa, ya ci gaba,
ni kuwa idona a kan baƙaƙen da ba na gani.
Taku arba'in ne kacal zuwa tanti.
Na yi shekara talatin ina sauraron cikin agogo,
ban taɓa jin lokaci ya yi nauyi haka ba.

Da aka kira magariba na sauka da kaina.
Buta biyu ta ƙare kafin goshina ya fito.
Nadabo ya zo yana murza wuya,
ya ce, Bature, batun kuɗin nan.
Na ce, bari.
Ya ce, a'a, gobe zan kawo, ba sadaka na yi maka ba.

Muka sa Gwaggo a adaidaita, tana gyangyaɗi.
Kwana uku ke nan yau.
Ɗazu ina alwala, na sa yatsa a kunne,
ya fito fari.