Ƙwayar Wake

Tun asuba kakata Zulmira ta ɗaure gyale,
ta ce in sauko da kwanon nan mai tsaga a baki,
wanda ya girmi uwata.
Fulawa, ƙwai shida, busasshen ɓaure,
zabibi, da ɓawon lemon da ya kwana wata guda cikin sukari.
Daga ƙarshe ƙwayar wake ɗaya tak.
Wanda haƙorinsa ya same ta, shi ke kawo burodin baɗi,
haka muka taras.

A garinmu, can gaɓar Fotugal,
Disamba ba ta yin sallama.
Iska ke shigowa da gishiri a bakinta.
Jiragen masunta an janyo su kan yashi,
an kife su kamar akusa bayan an ci an ƙoshi.

La'asar sakaliya, jajiberin Kirsimeti,
wuta ta ɗauke.
Fitilun da aka rataya daga kasuwar kifi har ƙofar coci
suka mutu gaba ɗaya, ko ƙyaftawa babu.
Ƙullu kuwa bai san an yi ba,
yana ta tashi, yana ture zanen da aka lulluɓe shi.

Tandar itace ɗaya ta rage a unguwa,
a bayan gidan Anselmo mai ɗinkin taru.
Shekara goma sha ɗaya kakata ba ta gaishe shi ba,
tun daren da teku ta maido shi
ta riƙe kakana.

Ta daɗe tana kallon ƙullun.
Sai ta ce, ɗauko fitila.

Ashe ba mu kaɗai ba ne.
Ga Deolinda da faranti biyu a ka,
ga matar mai chemis tana zagin kamfanin wuta,
ga yara suna gudu da tociloli, karnuka na binsu.
Kowa da kayan kwaɓinsa, layi har bakin rijiya.
Wani ya fito da jita mai tsirkiya biyar,
wani ya kawo tukunyar kifi da kabeji
don kada ta huce a duhu ita kaɗai.
Bikin da aka shirya yi a dandali
ya tattaro kansa ya dawo bakin tanda.

Anselmo na zura farantai da doguwar tsinka,
gumi na bin gemunsa.
Da ya ga namu, hannunsa ya tsaya.
Bai ce komai ba, ita ma haka.
Ya dai ture na wasu gefe,
ya sa namu inda garwashi ya fi kwantar da hankali.

Ƙamshi ya bi lungu-lungu,
ya danne ƙarnin kifin da ko ruwan sama bai taɓa wankewa ba.
Ƙararrawa ta buga goma.

Kakata ce ta yanka da wuƙar kakana.
Ni na ga abin da ba wanda ya gani:
tun a gida ta dasa ɓaure biyu kusa da juna,
alama, daidai inda ta tura waken da babban yatsa.
Wannan yankin ta miƙa wa Anselmo,
idonta na kan teku.

Ya gatsa. Ya tsaya.
Ya tofo waken a tafin hannu,
mutane suka kwashe da shewa.

Ya ce, Zulmira, ni fa ban iya kwaɓi ba.
Ta ce, kana da shekara guda.
Ƙofata ba ta sauya wuri ba.

Can tsakar dare wuta ta dawo,
fitilu suka haska dandalin da ba kowa a ciki.
Ba wanda ya tashi.
Anselmo ya goge waken da bakin riga,
ya sa a aljihun da yake ajiye allurar taru.