Gidan Haya da Gidan Kanka

Mu biyar ne a shagon da Baba ya bari,
bayan kasuwar dabino ta Madina,
inda ƙamshin ajwa ke bin mutum har makwanci.
Ran Talata muka sha kunya.
Tanimu ya kai kwali arba'in filin jirgi,
Mudassir ma ya kai arba'in, duk na mutum guda,
Alhaji Sambo na Gusau kuwa, mai jira tun Rajab,
ko ƙwallo bai gani ba.
Ni da wata nake lissafi, Tanimu da kalandar bature,
saƙon masu saye yana wayar Barira,
Barira tana Jidda wurin suna.

Bayan isha'i aka kafa shayi.
Mudassir ya ɗora kwamfuta kan kwalin sukkari
ya ce, Goggo, gida biyu ne.
Ɗaya na haya: fenti, sanyi, mai gadi a ƙofa,
riyal kaza kowane kai, kowane wata,
amma makulli na biyu yana aljihun mai gida,
wasiƙunki na shekara goma a ɗakinsa suke kwana.
Ɗayan buɗaɗɗiyar manhaja ce.
Hannu dubu suka kwaɓa ƙasarta,
ba su ɓoye tubali ko ɗaya ba,
kowa na iya leƙa harsashi.
Ba kuɗin haya. Sai dai ran da ta yi yoyo
ke ce mai neman tsani.

Na ce, wa zai hau?
Tanimu ya shiga hura shayin da ya riga ya huce.

Kakata ta zo garin nan a ƙafa,
shekara bakwai tsakaninta da Haɗeja,
ta kan ce zanen aro ba ya rufe katara.
Ita ɗin dai ta kan ce araha ba ta ado.
Daren nan bakinta biyu suka yi ta faɗa a kaina.

Uku muka gwada.
Ta farko ta haɗiye lanƙwasar ƙa,
ta mai da ƙofa kofa, ɗaki daki.
Ta biyu kyakkyawa, amma ba ta san Sha'aban ba,
na ce wadda ba ta san Sha'aban ba
azumi zai same ta tana barci.
Ta uku ba ta da kwalliya,
sai dai ta jera wata da kalandar bature kafaɗa da kafaɗa,
ta rubuta Larabci daga dama ba gardama,
imel ɗaya, ido biyar.

Na yanka wa Mudassir kuɗin tsani.
Duk Juma'a yakan kwafe komai
cikin wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino,
in jefa a gwangwanin alawa, in rufe.

Jiya kwalin Alhaji Sambo ya tashi.
Tanimu ya duba allo, ya gyaɗa kai,
sannan ya juya baya, kada in gani,
ya rubuta ranar a tafin hannunsa.