Banati

A ɗakin Kofur Gidado, a Kumo, bayan tashar mota,
akwai wata wuƙa da ba ta da kube,
doguwa, mai ɗan kwari a tsaka kamar magudanar ruwa,
da zobe a gindi wanda ya fi ƙarfin yatsan kowa.
Banati yake kiranta.
Mu yara mun ɗauka sunan mace ne,
wata da ya baro a yaƙin Bama.

Sai da na kai aji uku a sakandare
Malam Lamela ya buɗe ƙamus mai shuɗin bango,
ya ɗora yatsa: bayonet, in ji Bature.
Ya ce su ma ba tasu ba ce,
aro suka yi wurin Faransawa.
An ce sunan wani gari ne can kusa da teku
inda maƙera suka iya wuƙa.
Ka ji fa! Gari guda, da kasuwarsa da masu jegonsa,
an tsuke shi, an ɗaura a bakin bindiga.
Bindigar ma, in ji Malam, daga bakin Larabawa muka samo.
Kowa da bashin da ke wuyansa.

Kalma ta hau jirgin ruwa, ta sauka Ikko,
ta bi samanja har bariki,
harshenmu ya yi ta sassaƙarta kamar ƙotar fartanya
har ta zauna daidai a hannu.

Na dawo gida, sabon ilmi yana mini ƙaiƙayi.
Na ce, Kaka, ka san ma'anar sunan wuƙarka?
Yana kan buzu yana ɓarar gyaɗa.
Ya ce, faɗi.
Na faɗi Faransa, na faɗi maƙera, na faɗi teku.
Ya daɗe yana murza ɓawo.
Ya ce, ma'anarta harsashi ya ƙare,
mutumin kuma ya matso
har kana jin numfashinsa,
har ka ga shi ma gemunsa bai fito ba.
Ya turo mini ƙwarya. Bai ƙara ba.

Ya rasu ana tsinkar auduga.
Yanzu tana hannun Goggo Dudu.
Da ita take fasa kabewa, take kankare rogo,
ran Juma'a ta goge mata tsatsa da toka.
Jikokinta wuƙar kabewa suke ce mata.
Ni kaɗai na rage mai kiranta da sunanta,
ni ma ƙasa-ƙasa,
kada ta ji, ta tuna.